Ramin Kingsway: ranar da layi na 33 ya zama bas mai lamba 171

A daren 5 ga Afrilu, 1952, taragon titi na ƙarshe ya ratsa ramin Kingsway, hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke tsakiyar Landan, aka ja ƙyauren ƙarfe aka garƙame. Da gari ya waye, layi mai lamba 33, wanda ke tashi daga Manor House a arewa ya dire West Norwood a kudu, ya koma bas mai lamba 171. Layi na 35, daga Archway zuwa Forest Hill, ya koma 172. Bayan wata uku, a daren 5 ga Yuli, taragon ƙarshe a birnin baki ɗaya ya nufi garejin New Cross, jama'a na jera kwabbai a kan dogo don ƙafar ƙarfe ta lallatse musu abin ajiya.

Masu kewar tarago har gobe cewa suke an tafka wauta. Masu kare hukuma kuma sukan ce tsofaffin akwatuna ne masu ƙara da girgiza, kwanansu ya ƙare. Kowane ɓangare na da abin kamawa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A ganina, musanya tarago da bas a yawancin titunan Landan a 1952 abu ne mai hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne yar da hanyar da aka keɓe wa fasinjan haya shi kaɗai, wadda ba mota ko keken doki da ke shiga gabansa.

Tarago dai ƙaramin jirgin ƙasa ne mai aiki da lantarki, dogonsa a shimfiɗe cikin titi daidai da kwalta. A Landan an daɗe ana fama da matsala guda: unguwannin masu kuɗi da ke tsakiyar birni sun ƙi yarda a shimfiɗa musu dogo, don haka layukan arewa suka tsaya a gefe, na kudancin Kogin Thames ma suka tsaya a gefe, ba mahaɗa. Da majalisar gundumar Landan ta rushe wasu tsofaffin lunguna ta fitar da sabon titin Kingsway, wanda aka buɗe a 1905, sai ta haƙa rami a ƙarƙashinsa tun ana ginin. An fara jigila ta ciki a Fabrairun 1906, a 1908 kuma aka huda shi ya fita bakin kogi ta gefen gadar Waterloo. Tsawonsa bai kai mil guda ba, tashoshinsa biyu, Holborn da Aldwych. Mashigar arewa, a Southampton Row, gangara ce mai tsanani: duk tafiyar ƙafa goma an sauka ƙafa ɗaya. Da farko taragu marasa bene ne kawai ke iya shiga. A 1930 aka rufe ramin aka ƙara masa zurfi, aka sake buɗewa a Janairun 1931 don taragu masu bene. Wato lokacin da aka rufe shi har abada, gyaran bai wuce shekara 21 ba.

Wanda ke son fahimtar abin da ya kashe taragon Landan, sai ya duƙa ya dubi tsakanin doguna biyun. A yawancin biranen duniya tarago na jan wuta ne daga waya da ke rataye a sama. A tsakiyar Landan ba a so wayar ba, wai tana ɓata kyan gari. Sai aka gina wata kwata a ƙarƙashin titi, tsakanin dogo da dogo, aka sa mata sandunan ƙarfe biyu masu ɗauke da wuta, ɗaya na kawowa ɗaya na mayarwa. Daga sama abin da ido ke gani tsaga ce siririya, faɗinta bai wuce inci guda ba. A ƙarƙashin tarago akwai wani faifai da ma'aikata ke kira garma, wanda ke zurawa ta tsagar ya goga jikin sandunan ya ɗebo wuta.

A takarda dabara ce mai kyau. A titi kuwa, duk abin da ya faɗi ƙasa cikin tsagar yake ƙarewa: laka, ganye, kashin doki, ƙusa, guntun waya. Ƙarfe ɗaya ya gitta sandunan biyu, wuta ta ɗauke a wannan yanki. Ruwan sama ya yi yawa, kwata ta cika idan magudanarta ta toshe. Nauyin motoci da sauyin yanayi kan matse bakin tsagar har ta kama garma, tarago ya kafe, na baya su jeru tamkar raƙuman ayari, tunda ba mai iya kauce wa wani. A mararraba, inda layi ya ƙetare layi, dole a yanke sandunan wutar, don haka akwai ɗan tazarar da babu wuta sam. Direba sai ya shigo da ɗan gudu ya kashe wuta ya zarce da ƙarfin tafiyarsa. Idan wani ya gitta masa ya taka birki a daidai nan, shi ke nan, sai taragon baya ya zo ya tura shi. A bakin unguwannin waje, inda aka yarda da wayar sama, akwai wurin sauyi: kwandasta ya ɗaga sanda ya maƙala a waya, garma ta zame ta gefe ta fice, wani ma'aikaci riƙe da doguwar cokali mai yatsu ya saita ta ga tarago mai shigowa gari. Kowane irin wannan wuri albashi ne dare da rana. Gina mil guda na wannan tsari ya fi na wayar sama tsada nesa ba kusa ba, kula da shi ma haka.

Sai kuma doka. Dokar taragu ta 1870 ta ɗora wa mai layi gyaran titi tsakanin doguna da kuma inci 18 a kowane gefe. A zamanin da doki ke jan tarago wannan adalci ne, domin kofato ne ke cin titin. Da lantarki ya zo, ƙafar tarago ba ta taɓa komai sai dogo, amma nauyin bai sauka ba. Bas ɗin da ke ƙwace masa fasinja a kan titin da tarago ya biya kuɗin gyarawa yake gudu. Wannan doka dai ta bai wa ƙaramar hukuma ikon saye layi daga kamfani bayan shekara 21 a kan kuɗin kayan kawai, ban da darajar kasuwancin. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba kuɗi ya sabunta abin da ya san za a karɓe a farashin gwangwan? Faci aka riƙa yi a kan faci.

A farkon shekarun 1930 wani kwamitin masarauta kan sufuri ya ba da shawarar a riƙa janye taragu sannu a hankali. A 1933 aka kafa hukuma guda ta haɗe sufurin Landan, ta gaji taragu fiye da 2,500 da layuka masu tsawon mil 300 da ɗoriya, ta kuma zaɓi maye gurbinsu da bas mai jan wuta daga wayoyi biyu a sama. An ci fiye da rabin aikin, yawanci a arewacin kogi, sai yaƙin duniya na biyu ya tsayar da komai a 1940. Taragun kudu da na ramin Kingsway sun ƙara shekara goma sha biyu ba don an so su ba. Yawancinsu samfurin da aka fara ƙerawa tun 1907 ne, dogo ya ci, bama-bamai sun yi nasu. Da aka tashi ƙarasawa daga Oktoban 1950, man dizal aka zaɓa. Aka riƙa kai taragun wani fili a Charlton ana cinna musu wuta don a kwashi ƙarfe. Na zamanin da ke cikinsu, samfurin Feltham na 1931, birnin Leeds ya saya, ya mora har 1959.

A ba bas haƙƙinsa. Yana tsayawa a bakin titi, ba sai tsohuwa ta ratsa motoci ta kai tsakiya ba, kamar yadda hawa tarago ya tilasta. Idan ɗaya ya lalace na baya ya kewaye shi. Idan aka gina sabuwar unguwa, gobe ma a iya miƙa masa hanya. Hukumar da ta fito daga yaƙi da aljihu a bushe ba za ta iya tone mil da yawa na kwata ta sake ba, kuma wanda ya ce za ta iya bai yi lissafi ba. Sai dai bas samfurin RT kujera 56 gare shi, taragon da ya gada kuwa ya haura 70, ga shi kowanne da direba da kwandasta. A ɗauki mutane iri ɗaya, ana bukatar motoci da ma'aikata fiye da da.

Ramin fa? An gwada bas mai wuta a ciki gab da yaƙi, gwajin bai yi armashi ba. Dandamalin tashoshin a tsakiya yake, sai abin hawa mai ƙofa ta dama, bas ɗin Ingila kuwa ta hagu ake shigarsa. Na dizal kuma hayaƙinsa ba ya da mafita a ramin da aka gina wa lantarki. To maimakon a ce ga hanya, wane abin hawa ne ya dace da ita, sai aka ce ga abin hawa, hanyar da ba ta dace da shi ba a rufe. Fasinjan da jiya yake wucewa ƙarƙashin mararrabar Holborn da Strand ba tare da tsayawa ba, yau an hau da shi sama cikin cunkoso, a daidai shekarun da motocin gida suka fara yawaita. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Za a ce ramin gajere ne, kuma da tarago ya fito ta kowane baki cunkoson na jiransa. Gaskiya ne. Za a ce riƙe gareji da masu gyara saboda layi biyu kacal asara ce. Wannan ma gaskiya ne, in dai layi biyun za a bari yadda suke. Amma Boston a Amurka ta haƙa irin wannan gajeren rami a 1897, ba ta rufe ba, ta riƙa ƙara masa tsawo, taragu na bi har yau. Brussels ta buɗe wa nata taragun dogon rami a tsakiyar birni a 1969, shekara 17 bayan Landan ta fitar da nata. Ramin da ya ɗauki tarago mai bene ba zai rasa sararin rataya waya ga marar bene ba, a huta da garma da kwatarta. Abu mafi tsada, wato haƙa, an riga an biya shi har sau biyu.

Abin da aka yi da shi daga baya ya fi komai nuna inda hankalin masu mulki yake. A 1964 aka mayar da ɓangaren kudu hanyar ƙananan motoci masu fitowa daga gadar Waterloo, rufinta kuma ya yi ƙasa da yawa ga bas mai bene. Hanyar da aka haƙa wa ɗan haya ta koma ta mai motar kansa. Sai a 1968 aka fara shata wa bas layinsa na daban a Landan, a gadar Vauxhall. Legas, wadda ita ma ta taɓa yin taragon tururi daga 1902, da ta tashi kawo manyan bas na BRT a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, da shingen kankare ta fara, kuma shingen ne ya sa tafiyar ta yi sauri, ba fentin motar ba.

Tarago ya dawo Landan a 2000, amma can Croydon a kudu, kuma mafi yawan layin a kan tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa yake, inda mota ba ta shiga. An tsara wani da zai bi ta saman Kingsway ya haye gadar Waterloo zuwa Peckham da Brixton, aka soke shi a 2008 saboda kuɗi. Lamba 171 na nan a jikin bas, sai dai an yi ta yanke hanyarta ana karkatarwa har ta daina tsallaka kogi, ba ta kuma zuwa West Norwood. Mashigar Southampton Row ma na nan a tsakiyar titi bayan ƙyaure, da dogunanta da tsagar garma a tsakani, suna gangarawa cikin duhu.