Tsakanin Kano da Maraɗi: ba kuɗin fito ne abin tsoro ba

Tun da shugabannin sojan Nijar, Mali da Burkina Faso, ƙasashe ukun da suka fice daga ƙungiyar ECOWAS, suka sanar a ƙarshen watan Maris na 2025 cewa za su riƙa karɓar rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigarwa ƙasashensu, muhawara ta ƙi ƙarewa a rediyo da Facebook. Masu goyon bayan AES, wato ƙawancen da ƙasashen uku suka ƙulla a tsakaninsu, suna ta murna, wai an fara cin gashin kai. Masoya ECOWAS, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, suna cewa ga sakamakon taurin kai nan, talaka zai ji a jikinsa. Ni kam ina ganin duk an bar jaki ana dukan taiki.

Mu ɗauki alƙalami. Ɗan kasuwa ya loda masara ta naira miliyan 10 daga Dawanau zai kai Maraɗi, rabin kashi ɗaya na wannan kuɗi naira dubu 50 ne. Ba a raina shi, amma duk wanda ya taɓa bin babbar mota ta Katsina zuwa Jibiya ya san abin da ake zubarwa a shingaye kafin a ga iyaka. Na taɓa zama a gaba kusa da wani direba a wannan hanya. Tun daga tasha ya canza kuɗi zuwa ƙananan takardu, ya jera su a ƙarƙashin wani tsumma a gabansa, da ya hango itace a gicciye sai ya zaro ɗaya ya dunƙule a hannu, ko birki ba ya takawa sosai. Na ce, "Maigida, wannan wane haraji ne?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, na gwamnati ai yana da rasit. Wannan na zaman lafiya ne." Har muka rabu ban ga wanda ya ɗaga tamfol ya duba abin da ke cikin motar ba.

Kuma adadin ba baƙo ba ne. ECOWAS kanta rabin kashi ɗaya take karɓa a kan kayan da suka fito daga wajen yankin, da shi ake biyan albashi a hedikwatarta ta Abuja. Abin da ya sauya shi ne, a idon jami'in duwan, wato kwastan na Nijar, a Ɗan Isa ko Ƙonni, kayan Najeriya sun tashi daga na gida sun koma na baƙi. Nan gizo ke saƙa, domin rabin kashi ɗayan yau ba abin da zai hana ya zama biyar gobe, kuma babu kotun da za a kai ƙara.

Mutane da yawa ba su san abin da zama cikin ƙungiyar yake ba su ba, saboda sun tashi sun tarar da shi. An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo. A 1979 aka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ba biza, ya yi har kwana 90. A shekarar ce kuma aka soma tsarin yafe kuɗin fito ga amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu na yankin, aka faɗaɗa shi zuwa kayan masana'antu a 1990. Daga Janairun 2015 aka sa kuɗin fito na bai ɗaya ga kayan ƙetare, hawa biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Albasar Galmi da ke isa Accra da Abidjan, da raƙuma da shanun da ke cika kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, a ƙarƙashin wannan inuwa suke tafiya, ko mai su bai taɓa jin sunan yarjejeniyar ba. Akwai ma kotun ƙungiyar, wadda a 2008 ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare wata mata daga bauta. Wannan ƙofa ma ta rufe ga ɗan Nijar.

Sai dai a faɗi gaskiya, komai ɗacinta. Ba sojojin Yamai ne suka fara yaga takardar ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi 'yan Afirka ta Yamma, shekara huɗu kacal bayan sa hannu kan 'yancin zirga-zirga. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta garƙame iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, kuma ba ta nemi izinin kowa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar ta rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, aka kai ga barazanar yaƙi. Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, bai kwana da yunwa ba. Mai awon gero a Zinder da mai shago a Illela su suka ɗanɗana, manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa a ciki. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ƙasashen uku sun riga sun sanar da ficewa tun 28 ga Janairu. Wanda ya yi wata bakwai yana ganin an mai da hanyar abincinsa bulala, da wane baki za ka gaya masa ƙungiya rahama ce?

Wannan bai wanke ɗaya ɓangaren ba. Duka ƙasashen uku ba su da teku. Nijar ta ƙi buɗe iyakarta da Benin ko bayan ɗage takunkumi, kayan da a da ke zuwa daga Kwatano su haye gadar Malanbil zuwa Gaya sai sun zagaya ta Lome da Burkina da rakiyar soja, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin zagayen. Ga wani abin mamaki: an fita daga ƙungiyar da Najeriya da Ghana ke ciki da sunan guje wa Faransa, amma an zauna a UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da kuɗin sefa, ana ci gaba da kashe sefar. Wannan lissafi har yau na kasa gane kansa.

Ingila ta nuna mana yadda irin wannan rabuwa take. Sun jefa ƙuri'a a 2016, suka fita daga Tarayyar Turai a 2020, suka samu yarjejeniyar da ba kuɗin fito a kan kayansu, amma duk da haka ƙananan 'yan kasuwa suna kuka da takardu da bincike a tashar ruwa. Su ke nan da suka yi shekaru suna ciniki layi bayan layi kafin su rabu. Mu fa? Ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida, a ci gaba da yafe kuɗin fito, har sai an ji wata sanarwa. Wato fataucin miliyoyin mutane yana rataye ne a kan "sai yadda hali ya yi". Wa zai gina sito a Jibiya ko ya ƙulla cinikin shekara uku da abokin hulɗa a Maraɗi bisa wannan?

Don haka na gaji da tambayar ko za su dawo ko ba za su dawo ba. Ba alamar dawowa nan kusa, kuma lallashi ya ƙi, barazana ta ƙi. Mauritaniya ta fita tun 2000, ba a yi yaƙi ba, a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗar ciniki da ƙungiyar ba tare da ta koma mamba ba. Irinta ya kamata a zauna a rubuta da AES, ko Najeriya da Nijar su rubuta tasu su biyu: amfanin gona da dabbobi su wuce ba kuɗin fito, katin shaida ya wadatar a iyaka, a ƙayyade adadin shingaye a manna a allo kowa ya gani, sannan a sa sharaɗi ƙarara cewa rikicin siyasa ba ya rufe hanyar abinci, magani da wuta. Wannan sharaɗi na ƙarshe Abuja zai fi yi wa nauyi, domin ita ce ta fi kowa saurin jawo ƙyaure.

Gwamnonin Katsina, Jigawa, Sakkwato da Kebbi, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Dawanau da na albasa, su ya kamata su matsa, tunda jama'arsu ce ke asara. Ana nan ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi da kuɗin bashi, kuma har yanzu ba mu ji an fito an gaya wa ɗan kasuwa da wane sharaɗi buhunsa zai ƙetare idan jirgin ya isa Jibiya ba.