Tafinta bai wadatar ba

Akwai maganar da ke damuna duk lokacin da na ji ta: wai mai wa'azin bishara ba ya bukatar koyon harshen mutanen da aka aike shi wurinsu, tunda akwai tafinta. Masu faɗin haka suna da hujja, domin koyon harshe yana cin shekaru, aiki kuma yana jira.

Sai dai tafinta saƙo kawai yake isarwa. Wanda ya zauna yana koyon harshen mutane, yana kuskure ana gyara masa, ya ƙasƙantar da kansa ne ya zama ɗalibinsu, su kuma suna gane cewa ya daraja su. A ganina wannan ƙauna ce a aikace. A littafin Ayyukan Manzanni na cikin Littafi Mai Tsarki, sura 2, ranar idin Fentikos, kowa ya ji manzanni da harshensa na haihuwa. A sura 22, da manzo Bulus ya yi wa taron Urushalima magana da Ibrananci, sai suka ƙara yin tsit.

Ɗauki macen da ɗanta ya rasu. Da wuya ta faɗi abin da ke cin ranta ta bakin mutum na uku. Amma idan mai wa'azin ya yi mata ta'aziyya da harshenta, ko da harshen bai gama zama a bakinsa ba, sai ta saki jiki ta yi magana.