Idan kun zo gida, ku fita da yaran nan su ga Bauchi

Jama'a, musamman 'yan uwanmu da neman abinci ya kai Abuja da Legas da Fatakwal, akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa juna. Duk lokacin da wani ya ɗora tsohon hoton Ƙofar Wunti ko tashar jirgin ƙasa a Facebook, sai ka ga ɗaruruwan mutane sun taru a ƙasa, kowa na cewa Allah sarki Bauchin Yakubu, ina kewar gida. Kewar gaskiya ce, ba na musun ta. Amma idan Sallah ta zo aka ɗebo iyali aka taho, me ake yi? Kwana biyar, daga gidan kaka sai gidan gwaggo, daga nan sai gidan surukai, yara na ɗaki suna latsa waya. A koma da su ba su ga komai ba sai kwalta da zaure. Zumunci wajibi ne. To amma yaron da bai taɓa taka garin ubansa da ƙafarsa ba, da me zai yi kewarsa idan ya girma? A ganina kwana biyu cikin biyar ɗin nan haƙƙin yaran ne, ɗaya na cikin gari, ɗaya na daji.

A fara da cikin gari, kuma a fara da sassafe. Wanda ya fita bayan ƙarfe goma a watan Maris ko Afrilu ya ɓata tafiyar tun kafin a soma, domin kafin azahar yara sun galabaita, uwa ta fusata, sai a ce a koma gida. Ƙarfe bakwai ya kamata a ce an bar gida, kuma kada a karya kumallo a gida. A je wurin mai masa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da Kanawa ke kira waina mu masa muke ce mata, kuma duk Arewa an san Bauchi da ita. Amma masar da aka aiki yaro ya sayo a leda ta riga ta mutu kafin ta iso, tururi ya jiƙa gefenta, ƙamas ɗin ya tafi. Masa a bakin tanda ake cin ta. Ku zaunar da yaran su ga yadda ake ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba ƙullu, a jira gefen ya kama kafin a juya. Mai kyau za ka ga bayanta ya yi ja-ja, cikinta fari mai ƙofofi kamar soso, da ɗan tsami kaɗan wanda ba ya kai wa ga yamutsa fuska. Idan tsamin ya yi yawa, ƙullun ya wuce lokacinsa. Idan ta yi nauyi ta danƙare, bai tashi ba, ko an yi rowar dafaffiyar shinkafar da ake haɗawa da jiƙaƙƙiya. Idan waje ya ƙone ciki da ɗanye, wuta ce ta yi yawa. Babba zai ci biyar zuwa shida da miyar taushe, yaro uku sun ishe shi da ƙuli ko sukari.

Daga nan sai ƙofofi. A bar mota a wuri ɗaya a ɗauki keke Napep na awa biyu, a yi ciniki tun kafin a hau, domin lungunan cikin gari ba na babbar mota ba ne, kuma neman wurin ajiye ta kusa da kasuwa zai cinye rabin safiyar. Abin da za a gaya wa yara ba shi da yawa: Malam Yakubu ɗan Gerawa ne, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓo tuta, ya zauna a Inkil, sannan ya kafa wannan gari wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwar da tsawonta ya haura kilomita 10. Sunan garin kuwa, kamar yadda manya ke faɗa, daga wani maharbi ne mai suna Baushe da aka tarar a wurin. Sai a bi da su Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wambai, Ƙofar Dumi, gwargwadon yadda lokaci ya bari. Ba sai an gama su duka ba. Abin da ake so shi ne yaro ya gane cewa sunayen da yake ji ana faɗa wa mai keke asalinsu mashigai ne na gari mai katanga, ana rufe su idan dare ya yi.

Ganuwar kanta, gaskiya mai ɗaci, mafi yawanta ta tafi. Ginin ƙasa ne, kuma ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. A da aikin gayya ne, bayan damina a fito a gyara inda ruwa ya zaftare. Da aka daina, ruwan Agusta ya riƙa cin ta daga sama, masu ɗibar ƙasar gini suka ci ta daga ƙasa, gidaje suka hau abin da ya saura. Laifin namu ne gaba ɗaya, ba na wani baƙo ba. Shi ya sa idan kuka tarar da guntun tudun da ya rage a wani lungu, ku tsaya, ku sauko da yaran su taɓa shi. Kuma ku nemi dattijon unguwar, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce Baba, yaran nan ne muke so a nuna musu inda ganuwa ta bi. Ba a cika samun wanda zai ƙi ba.

Ƙofar fada ba wurin yawon buɗe ido ba ne irin na Turawa, gidan sarki ne kuma ana zaman fada a cikinsa. A sa tufafin mutunci, a gaida dogarai, a faɗi abin da ya kawo ku, a tambaya kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto. Inda aka ce a cire takalmi a cire. In lokacin hawan Sallah ne, a je da wuri a sami gefe mai inuwa, kuma kada a tsaya da ƙananan yara a bakin layin da dawakai ke sukuwa, domin doki ba ya da birki.

Wurin da nake ganin bai kamata a yi gaggawa ba shi ne kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, nan kusa da Ƙofar Ran. Mutane da yawa an haife su a Bauchi, sun wuce ta gabansa sau dubu, ba su taɓa shiga ba. Malamin makaranta ne da ya koyar a garin nan, ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi 'yancin ƙasa a 1960, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Ginin da aka yi a kan kabarin, wanda aka buɗe a 1979, an tsara shi ne ya yi magana da kansa. Za ka shiga ta wani dogon lungu mai duhu, kana hawa a hankali, haske na ɗan leƙowa nan da can, har ka fito fili inda babu rufi sai sama, ga kabarin nan a tsakiya, ba ado ba ƙawa. Duhun shi ne zamanin mulkin mallaka, hasken shi ne 'yanci. Kuskuren da ake yi shi ne kunna fitilar waya da zarar an shiga, ko a bar yara su ruga da gudu. Wanda ya yi haka ya ga siminti kawai. A kashe fitila, a riƙe hannun ƙaramin, a tafi sannu, a bar ma'aikacin wurin ya yi bayaninsa har ƙarshe. In an iso kabarin a yi wa mamacin addu'a. Sannan a shiga ɗakin da aka ajiye kayansa. Ku bar yaran su daɗe a nan, su ga iya abin da mutumin da ya riƙe Nijeriya ya bari. Ba sai kun yi musu wa'azi ba. Awa ɗaya da rabi ya wadatar, kuma a riƙe ɗan abin da za a ba wanda ya zagaya da ku.

Da la'asar, in da sauran ƙarfi, a leƙa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a sayi tsaraba. Masu son zuwa madatsar ruwa ta Gubi, inda garin ke samun ruwan sha, su je su sha iska daga nesa, amma kada yaro ko ɗaya ya shiga ruwan. Bakin dam yana da laka da gangare, ba a gane zurfinsa da ido.

Rana ta biyu ta Yankari ce, kuma a nan ne shiri ke raba masu dawowa da daɗi da masu dawowa da faɗa. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Ana bin hanyar Gombe, a karya dama a Dindima, a miƙe har ƙofar shiga ta Mainamaji. Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙofar ba ita ce ƙarshen tafiya ba, akwai wajen kilomita 40 daga nan zuwa sansanin Wikki, cikin daji, ba gidan mai, ba mai faci. Saboda haka a cika tanki tun daga Bauchi, a duba safaya da jak, a riƙe tsabar kuɗi domin sabis na waya ba abin dogaro ba ne a ciki. Ruwan sha a ƙalla lita 2 ga kowane mutum. A ware awa biyu zuwa biyu da rabi na tafiya, kuma a tambayi kuɗin shiga da na ɗaki da na motar zagaye kafin ranar, tunda suna canzawa.

Lokaci shi ne komai. Masu zuwa da damina su dawo suna cewa babu komai a Yankari ba su fahimci daji ba. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa na ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ne ƙananan tafkuna ke ƙafewa, dole ɓauna da gwanki da gwambaza su gangaro kogin Gaji. Ko a lokacin, fitar safe da ta yamma ce ke da amfani, da tsakar rana kowa na inuwa. Wanda ya isa sha biyu ya juyo ƙarfe uku ya je wanka ne kawai. In da hali a kwana ɗaya a yi fitar sassafe. Kuma kada a yi wa yara alkawarin giwa. Tana nan, amma daji ba gidan zu ba ne, wata rana a gan ta, wata rana sai sawunta da kashinta. A sa musu riga mai dogon hannu, mai launin ƙasa, a guji baƙi da shuɗi domin su ne ke jawo ƙudan tsando, cizonsa kuwa da zafi. A cikin mota a yi shiru, kuma ba mai sauka sai jagora ya ce a sauka.

Birai na sansanin sun fi kowa sanin leda. Da sun ga yaro riƙe da ita za su zo su fizge, in ya yi gardama su ji masa ciwo. Abinci ya zauna a but, gilashin mota a rufe, ƙofar ɗaki a kulle ko da minti biyu za a yi, kuma kada a jefa musu komai, domin ba su abinci ne ya koya musu wannan hali.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne yaran za su riƙa tunawa har su tsufa. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wannan garau ɗin ne ke yaudara, sai ka ɗauka bai da zurfi, alhali wajen bakin dutsen ya kusa mita 2. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya can ƙasa inda yake iya gwiwa zuwa ƙugu, kuma kowane yaro a ba shi babba guda da idonsa ke kansa, ba a ce ai muna nan duka ba. Iyaye mata da 'yan mata da ke son sakewa su sauka da sassafe kafin jama'a su cika, da doguwar riga mara nauyi da zanen canji. Matakalar sauka tana da tsawo kuma jiƙaƙƙen wuri na da santsi, a riƙe hannun tsofaffi. Kada a shiga da sabulu ko omo, ruwan nan Gaji yake gangarawa, shi dabbobin ke sha. Ranar komawa a bar sansani kafin ƙarfe huɗu, don magariba ta same ku kun wuce Dindima.