A kawo wuta, masu jari za su kawo kansu

Na ga hotunan da kuke ta yaɗawa tun jiya na rattaba hannu a kan sabuwar yarjejeniya da masu zuba jari, an sha manyan riguna, an yi musabaha, an kuma sanar da mu cewa Kano ta kama hanyar komawa matsayinta na da. Madalla. A makon nan kuwa wani abokina mai ƙaramar masana'antar roba a Sharaɗa ya sallami rabin ma'aikatansa, domin kuɗin man dizal ya cinye ribar har ya fara taɓa uwar kuɗi. Shi ba a ɗauke shi hoto ba.

Ina so wani ya gaya mini abin da baƙon da ya zo da jarinsa zai tarar wanda ɗan gida bai tarar ba. Mai kuɗi ba jawabi yake saurara ba. Zai sa a zaga da shi Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya ƙirga ƙofofin da aka garƙame da kwaɗo, ya tambayi waɗanda suka rage awa nawa suke samun wuta a rana, sannan ya yi godiya ya hau jirginsa. Maganar wuta ce, kuma duk wanda ya taɓa kunna inji a garin nan ya san haka.

Ko kun manta watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo lantarki Arewa suka lalace muka shafe fiye da mako guda cikin duhu? Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara duk sun zauna, injinan casar shinkafa kuma suka koma kan janareta. Wanda ya karanta wannan labari a Dubai ko a Beijing, wane taro ne zai mantar da shi?

Na san za a ce ai ana aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Na ji. An ƙaddamar da shi a 2020, tsawonsa kilomita 614, aka ce cikin shekara biyu za a kammala, wa'adin ya wuce ya sake wucewa. Wasu kuma za su kawo zancen gadojin sama da tashar tsandauri ta Dala, wato wurin sauke kwantenonin kayan jiragen ruwa a tudu, da aka buɗe a Zawachiki a farkon 2023. Ban raina su ba, amma gada ba ta juya inji, kuma tashar da babu masana'antu a bayanta kayan wasu kawai za ta riƙa sauke mana.

Tsakani da Allah, ba don ƙin wata gwamnati nake wannan magana ba, domin kowacce ta zo irin hoton nan take ɗauka. Takaicina shi ne matasan da na sani da hannunsu ya iya saƙa da jima, yau suna tuƙa Adaidaita Sahu.

Sau da yawa idan na shiga Kantin Kwari nakan tuna cewa Kwarori, wato 'yan kasuwar Siriya da Labanon da suka zo Kano, babu wanda ya shirya musu taro. Jirgin ƙasa ne ya iso Kano, ga gyaɗa ga fata, suka biyo da kansu. Yanzu ka ɗaga atamfa goma a rumfa ɗaya ka duba inda aka saƙa su, mafi yawansu daga Sin suka zo.