A gaya wa yara gaskiyar kwarkwata tun suna aji ɗaya

Makonni kaɗan da suka wuce, 'yata mai shekara shida ta dawo daga makaranta da takarda a jaka, irin wadda makarantun firamare na Ingila ke raba wa iyaye in an ga kwarkwata a aji. Babu sunan kowa a ciki, an dai ce kowa ya duba kan ɗansa a daren. Ban gama karantawa ba ta fara yi min bayani: "Umma, ba ta da fiffike, ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi. Malama ta ce in kaina ya yi ƙaiƙayi in gaya miki." Ko a jikinta, kamar mai ba da labarin tururuwa.

Ni a shekarunta ko kalmar ba zan iya furtawa a gaban mutane ba. Inda na tashi, kwarkwata zagi ce. In aka ce yarinya tana da ita, an kira ta ƙazama ke nan, an kuma haɗa da uwarta. Har yau ina tuna wata 'yar ajinmu da aka ga ƙwai a gashinta. Tun daga ranar benci ya zama nata ita kaɗai, sunan da aka laƙaba mata kuma ya bi ta har muka gama firamare. Mu da muke gudunta, da yawanmu muna sosa namu kan a ɓoye. Duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya gaya mana mene ne wannan ƙwaro.

Alhali bayaninsa bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba. Babbar kwarkwata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ƙafafunta shida, kowace da ɗan ƙugiya da take riƙe gashi. Jinin fatar kai take sha, kuma ba ruwanta da ko an wanke kan jiya ko an yi mako ba a wanke ba. Daga kai zuwa kai take bi, shi ya sa ta fi yawa a ƙananan yara, masu haɗa kai wajen wasa da kallon littafi ɗaya. Ba a ɗaukarta daga kyanwa ko kare, ba ta kuma yaɗa wata cuta. In ta faɗo daga kai, kwana ɗaya zuwa biyu ta mutu. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙiyasta cewa ana kamuwa da ita sau miliyan 6 zuwa 12 a shekara tsakanin yara 'yan shekara 3 zuwa 11. Ƙasar da ruwa da sabulu ba su yanke ba ke nan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda kunya ke yi wa ƙwaron aiki. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya ji ƙaiƙayi, domin ƙaiƙayin martanin jiki ne ga yawun kwarkwatar, kuma jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya fara shi. Kafin yarinya ta san akwai abu a kanta, an riga an makara. Macen tana saka ƙwai da dama kullum, ta manne su kusa da fatar kai, su ƙyanƙyashe cikin kwana 7 zuwa 10, 'ya'yan su girma cikin wasu kwanaki kusan goma su fara nasu. To a ce yarinyar ta ji ƙaiƙayin, amma ta ga abin da aka yi wa waccan ta benci, sai ta ja bakinta ta yi shiru wata guda. A wannan watan ƙannenta sun ɗauka, ƙawarta ta ɗauka. Uwa kuma in ta gano, ita ma kunyar ce ke hana ta tambayar ma'aikacin lafiya, sai ta rufe ɗaki ta shafa kalanzir ko maganin sauro a kan yarinya. Kalanzir yana ƙona fata, kuma wuta kaɗan ta isa ta kama gashin da ya sha shi. Ƙwaron da ba ya kashe kowa, maganinsa ya zo ya nakasa yaro.

A nan, shawarar hukumar lafiya ta NHS a fili take: ba a hana yaro zuwa makaranta saboda kwarkwata. A wanke kai, a shafa man laushin gashi sosai, a bi shi da matsefi mai ƙananan haƙora daga tushe zuwa baki, a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, sannan a sake dubawa a rana ta 17. Hikimar tazarar ita ce a kama waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su isa yin ƙwai. Wanda ya zaɓi magani, yawancin magungunan sai an maimaita bayan mako guda, don ba lallai su kashe ƙwan ba.

Amma ba zan ce komai na nan ya yi daidai ba. Duk zanen da 'yata ta gani a aji na yara ne masu gashi a miƙe, kuma matsefin da ake ta ambato ba ya ratsa gashin 'ya'yanmu sai an raba shi kashi-kashi, an jiƙa shi da mai sosai, an yi haƙuri na sa'o'i. Takardar ba ta ce komai a kan haka ba. Wannan shirun ya haifar da wata ƙarya da nake yawan ji a bakin iyaye 'yan uwana a nan, wai gashinmu ba ya kama kwarkwata. Gaskiya ne binciken Amurka ya nuna ta fi ƙaranci a baƙaƙen yara, amma ƙaranci daban, rashi daban, kuma mu da muka tashi muna ganinta shaida ne. Uwar da ta yarda da wannan magana ba za ta duba ba, takardar ma a kwandon shara za ta ƙare.

Akwai kuma abin da muke da shi a can wanda na rasa a nan. Kan yarinya bai cika yin mako biyu ba tare da idon babba ya bi shi tsaga-tsaga ba, ko uwa, ko yaya, ko gwaggo. A nan kowa na gudun aiki, yaro ya yi wanka da kansa ya kwanta, sai takarda ta zo a tuna akwai fatar kai. Da a ce idon can ya haɗu da bakin malamar nan, da kwarkwata ba ta samu wurin zama ba.

Don haka roƙona ga malaman ƙananan azuzuwa, ko'ina suke, bai wuce minti goma na darasi ba. A zana ƙwaron a allo, yara su ƙirga ƙafafunsa. A ce musu kowa na iya kamuwa, har malama. A ce kada su yi aron matsefi ko hula, ko da yake haɗa kai ne babbar hanya. Sannan a ja kunnensu cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya a kan haka shi ne ya yi laifi. Kuma don Allah, in malami ya hango ƙwai a kan yaro, ya jira a tashi ya kira uwar gefe.

A daren na zaunar da 'yata ƙarƙashin fitila na bi kanta, na fara da bayan kunne da ƙeya, inda ƙwan ya fi taruwa. Ban samu komai ba. Da na gama ta juyo ta ce, "Umma, saura ke," ta karɓi matsefin, na sunkuyar mata da kai.