Funfuna ma sai an cece ta? E, kuma an makara

Tun da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanar a watan Maris na 2025 cewa nau'o'i 411 na naman gwari, wato dangin funfuna, na fuskantar barazanar ɓacewa daga doron ƙasa, nake ta jin wata magana mai ƙona rai. Wai giwa da zaki ba a gama cetonsu ba, sai funfuna? Masu faɗin haka gani suke sun yi wayo, alhali ba su ma san abin da suke yi wa dariya ba.

A wurinsu naman gwari bai wuce baƙin tabon da ke bin bango mai laima ba, ko makero a kan yaro, ko lemar kwaɗi da ke ɓullowa bayan ruwa. Da yawa har yau tsiro suke ɗaukarsa. Tun 1969 masani Robert Whittaker ya ware masa rukuninsa daban, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ya fi kusanci da dabbobi a kan tsirrai. Ba ya haɗa abinci da hasken rana. Bangon ƙwayoyinsa ma da irin sinadarin ɓawon ƙwaro aka gina shi.

Mai shakka ya shiga daji bayan an yi ruwa, ya ɗaga ruɓaɓɓen kututture. Farin zaren da zai gani a ƙasa, siriri kamar saƙar gizo, shi ne ainihin jikin. Yana zubo ruwan da ke narkar da itacen a waje, sannan ya tsotse. Lemar da ke leƙowa sama 'ya'ya ce kawai, aikinta watsa ƙurar iri, kwana kaɗan ta ruɓe. Jikin kuwa yana nan yana yaɗuwa. A jihar Oregon ta Amurka akwai guda ɗaya tak da ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 9 a ƙarƙashin ƙasa.

Wannan ruɓewar da ake ƙyama ita ce ke riƙe da daji. Sinadarin da ke sa itace tauri, kusan naman gwari ne kaɗai ke iya farfasa shi yadda ya kamata. Ba don shi ba, da matattun itatuwa sun taru sun binne ƙasa, abincin da ke cikinsu bai koma ga tsirrai ba. Sannan fiye da kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in tsirrai ciniki suke yi da shi a saiwoyinsu: zaren yana kutsawa inda saiwa ba ta kaiwa, ya kawo ruwa da sinadarin fosfaras, tsiro ya biya shi da sukari. To wanda ke kururuwar a dasa itatuwa biliyan kaza, amma yana raina abin da ke ciyar da saiwarsu, me yake dasawa?

Za a ce ai yana kisa, a kawo jerin nau'o'i 19 masu haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022. Gaskiya ne, amma ba a yanke wa dangi mai miliyoyi hukunci da laifin 'yan tsiraru. Wanda ya taɓa warkewa da allurar fenisilin ma ya tuna cewa daga funfunar da ta faɗa wa Alexander Fleming cikin faranti a 1928 aka samo ta. Wani maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, shi ma daga wani naman gwarin ya fito.

Abin takaicin ya fi yawa a wurin masu mulki. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu da aka yi a Cali ta Kolombiya a Oktoban 2024, Chile da Birtaniya sun nemi a riƙa lissafa naman gwari kafaɗa da kafaɗa da dabbobi da tsirrai. Yawancin ƙasashe suka yi kunnen uwar shegu. Ana sare tsofaffin dazuzzuka, ana malala takin zamani har ya ƙone abin da ke cikin ƙasa, rahoton nazarin muhalli kuwa ya ƙirga tsuntsu da ƙadangare ya rufe. Chile ta sa shi a dokar muhallinta fiye da shekara goma da suka wuce, sama ba ta faɗo ba. Sauran su kwaikwaya, a kuma gyara littattafan makaranta.

Kuma 411 ɗin nan daga cikin 1,300 kacal da aka duba ne. Waɗanda aka raɗa wa suna sun kai kimanin 155,000, masanan lambun Kew na Ingila kuwa na kiyasin akwai kusan miliyan 2.5. A shekara sababbi wajen 2,500 ake ganowa. Da wannan tafiyar hawainiya, sai an kwashe ɗaruruwan shekaru kafin a gama, su kuwa masu zarto ba jira suke yi ba.