Auren da liman ya ɗaura, hukuma ba ta san da shi ba

A Garwa, Marwa da Ngaundere, yawancin aurenmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi. Waliyyai su zauna, a faɗi sadaki, liman ya yi addu'a, a raba goro da dabino, a watse. A addinance aure ya ɗauru. Amma a wurin hukumar Kamaru, bisa dokar rajistar jama'a, auren da ake lissafawa shi ne wanda aka sa wa hannu gaban magajin gari ko jami'in rajista, aka ba ma'aurata takarda.

Ba a jin zafin wannan sai ranar da mai gida ya rasu. Mace ta fita takaba, ta ƙunso takardar rasuwar mijinta a leda, ta tafi neman fanshon da aka yi shekaru ana yanke masa a albashi ana zubawa a CNPS, wato asusun fanshon ma'aikata na ƙasa. Tambayar farko ita ce takardar aure. Shekara ashirin a ɗaki ɗaya, 'ya'ya shida, shaidar duk mutanen unguwa, babu wanda zai tsaya a madadin wannan takarda. Haka nan kundin hukunta laifuka na 2016 ya haramta korar mace daga gidan aurenta ba bisa ƙa'ida ba, to amma wadda dangin miji suka fitar wa da kaya waje, da me za ta nuna wa alƙali cewa gidan aurenta ne?

Ma'aikatar Ci gaban Mata da Iyali, wadda aka kafa a 2004, ta san matsalar, shi ya sa take shirya bukukuwan auren gayya, inda ake tara ma'aurata da dama a yi musu rajista rana ɗaya. Abu ne mai kyau, na yaba. Sai dai biki ne na yini guda, a yi anko, a ɗauki hoto, a tashi. Matar ƙauyen da ke bayan Mokolo ko Yagwa ko labarinsa ba ta ji ba.

Abin da ke hana maza da yawa zuwa ofishin magajin gari tsoro ne. Suna zaton sa hannu zai hana su ƙara aure. Ba haka ba ne. Ranar rajista ana tambayar ma'aurata ko auren mace ɗaya suka zaɓa ko na fiye da ɗaya, a rubuta zaɓinsu a takarda. Da an bayyana wannan da Hausa da Fulatanci a huɗubar Juma'a, da gidaje da yawa sun huta. Wani kuma, a faɗi gaskiya, ba ya son matarsa ta sami abin kafa hujja ne, kuma wannan zalunci ne da Musulunci bai yarda da shi ba.

An daɗe ana jiran kundin dokar iyali, tun shekarun 1990 ake maganarsa. Gyaran nan bai kamata ya jira shi ba. Ma'aikatar ta zauna da lamiɓe, wato sarakunan gargajiya, da limamai, a ba kowane limamin Juma'a littafin rubuta auren da ya ɗaura, jami'in rajista ya riƙa zuwa fadar lamido ranar kasuwa, ya kira ma'auratan da ke cikin littafin, su sa hannu nan take ba tare da kuɗin mota zuwa birni ba.